Aljihu na Goma Sha Uku

Kaduna garin takarda ce tun ranar da aka kafa ta. Kano kasuwa ta tara mata jama'a, Zariya sarauta da karatu, amma nan Gwamna Lugga ne ya zaɓi dajin bakin kogi don ya sami wurin ajiye sojoji da akawuna, aka kwaso hedikwatar Arewa daga Zungeru aka dawo da ita a 1917. Kogin ma sai ya raba aiki. Ƙetaren kudu ya ɗauki mahaɗar jirgin ƙasa, daga baya kuma masaƙun Kakuri. Mu na arewacin kogi aka bar mana sakateriya, da zauren majalisa na Lugard Hall, da ɗakunan da ake jibge fayil har su taɓa rufi.

A irin waɗannan ɗakuna na ci abinci, daga ƙarshen shekarun 1970 har na yi ritaya, kuma sana'ata ba ta da sunan da mutum zai yi taƙama da shi a wurin ɗaurin aure. Idan aka tara sunayen mutane dubbai, na albashi ne ko na fansho ko na jarrabawa, aka zuba wa na'ura a lodi guda, ba duka ke shiga ba. Takan haɗiye mafi yawa, ta tofar da saura. Aikina shi ne in tsinto waɗanda ta tofar, in gano abin da ya hana su shiga, in gyara, in sake turawa. Samarin da ke loda rumbun bayanai a kwamfuta yau suna tsammanin da su aka fara. Aikin ya girme su, ya girmi kwamfutar ma.

Tun zamanin En'e ake yin sa, ba da wannan fuska ba dai. Kowace shekara malaman haraji kan bi ƙauyuka suna rubuta magidanta, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmali, irin wanda Razdan Palmer ya fara tsarawa a Katsina kafin sauran ƙasashen sarakuna su ɗauka. Jerin bai taɓa zuwa lafiya lau ba. Wani ya rasu tun bara, sunansa na nan. Wani ya tafi Jos haƙar kuza, wani ya kama hanyar Makka a ƙasa. Wani an rubuta shi sau biyu, nan Audu can Abdu, domin malamai biyu ne suka ji sunan da kunnuwa daban. Ma'aji kuwa ba ya karɓar kuɗin da bai yi daidai da jeri ba, don haka sunan da ya ƙi zama sai ya koma ta hanyar da ya zo, har ya kai ga mai unguwa, wanda ya san Audu nawa ke zauren. Wanda ke son ganin zurfin wannan bincike ya je gidan adana takardun tarihi na ƙasa a titin Yakubu Gowon, ya nemi fayilolin larduna masu lambar ZARPROF ko KANOPROF, ya ga yadda Di'o kan ƙirga gidaje da mutane da dabbobi gunduma bayan gunduma.

Ba yabon haraji nake yi ba. Talaka ya sha azaba a kansa, shi ya sa aka yi guɗa da gwamnonin PRP, Balarabe Musa a nan da Abubakar Rimi a Kano, suka soke shi bayan hawansu a 1979. Abin da na lura da shi dai guda ne: muddin jerin na waɗanda za su biya gwamnati ne, suna ba ya ɓacewa. Ko ka shiga ramin kura za a nemo ka. Sai da jeri ya juya ya zama na waɗanda gwamnati za ta biya, sannan sunaye suka koyi salwanta, kuma ba wanda hankalinsa ke tashi sai mai sunan.

Lokacin da na kama aiki, kati ake yi. Katin IBM ne mai gurbi 80, wanda kamfanin ya fito da shi a 1928, jikan katin da Herman Hollerith ya lissafa ƙidayar Amurka da shi a 1890. Ma'aikaci guda kati guda, harafi guda gurbi guda, kwali ɗaya kati 2,000. Kafin tsakiyar wata ofisoshi kan aiko da takardun canji: wanda aka ɗauka, wanda aka ƙara wa girma, wanda aka yi wa canjin gari, wanda Allah ya yi wa rasuwa. Kowane ƙunshi na da 'yar takarda a samansa mai nuna yawan takardun da ke ciki da jimlar kuɗinsu. Akwai ma wata jimla ta uku da sabon shiga kan yi wa dariya, wato a tara lambobin fayil na mutanen ƙunshin gaba ɗaya. Ko goro ba za ka saya da wannan adadi ba, amma in lamba guda ta sauya a hanya shi zai tona asiri.

Masu huda kati yawancinsu mata ne. Ta farko ta buga, a kwashi katunan da takardunsu a kai wa wata dabam, ta sake buga komai daga farko a na'urar tabbatarwa. Ita wannan na'ura ba ta huda, lalube take yi ta ji ko ramukan sun dace da abin da ake dannawa. In sun dace, ta ɗan gatsi gefen katin na dama. In sun saɓa, ta gatsi samansa, daidai kan gurbin da aka yi kuskuren. Sai ka ɗaga ƙunshi ka duba gefensa a hasken taga, ka ga gatson ya tafi layi guda, katin da bai samu ba ya tsaya a tsakiya ya katse layin. Daga nan kuma sai na'urar jera kati. Aljihunta 13 ne. Guda 12 na ramukan da ta sani ne, na ƙarshen kuwa na katin da ta laluba ta rasa inda za ta sa shi. Abin da ya faɗa wannan aljihu, da abin da babbar na'ura ta lissafo daga baya a doguwar takarda mai ɗaukar harafi 132 a layi, shi ake kawowa teburina.

Shugabar ɗakinmu wata mata ce 'yar kudancin Zariya, kamar yadda ake kiran yankin a lokacin, wadda ta fara aiki tun Sardauna na Firimiya. Mama muke ce mata. Ba ta yawan magana, tambayoyinta uku ne kuma ba sa sauyawa.

"Ɗana, nawa aka kawo?"

In faɗa.

"Nawa suka shiga?"

In faɗa.

"To, ina sauran? Kawo su nan in gan su."

Sai ta ƙirga su da hannunta, tana lasar ɗan yatsa. Waɗanda suka shiga da waɗanda aka tofar, in aka haɗa, tilas su ba da adadin da aka kawo. Kati ɗaya ya yi ɓatan dabo, ba mai tafiya gida, ko da kuwa motar ma'aikata ta Kawo da Unguwar Shanu tana ta oda a waje. Za a duba ƙarƙashin tebur, a buɗe cikin na'ura, a zazzage kwandon shara. Kuma katuna na ɓata. Da damina sukan sha raɓa su kumbura na'ura ta tauna su, da hunturu ƙura ta cika idon mai karanta su, NEPA kuma ta ɗauke wuta a tsakiyar lodi. Saboda faɗuwar ƙunshi ne ma muke jan layi a karkace da alƙalami mai kauri a bisa kan katunan, don in sun watse a san yadda za a mayar.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe daga wancan ɗaki shi ne kuskure na da nauyi a hannu. Ana ɗaure shi da roba, a liƙa masa takarda mai bayanin laifinsa, masinja ya hau keke ya kai ofishin da ya aiko shi, akawun can ya sa hannu a littafin karɓar saƙo. In bai dawo ba kafin ranar rufe lissafi, an san teburin da ya kwana.

Shekarun da na yi ina karanta abin da na'ura ke tofarwa sun nuna mini cewa laifin ba kasafai yake na mai suna ba. Fom ɗin ne aka ɗinka shi a kan jikin wani. A ofishinmu gurbi 20 aka ware wa suna. Bature mai suna gajere ya shige har da sauran wuri. Namu kuwa, mai sunan yanka da na uba da na kaka, ga sunan unguwa a ƙarshe, ina zai shiga? Sai a datse. Muhammadu ya koma MOHD, Abdurrahman ya koma A/RAHMAN, Tudun Wada ta koma T/WADA, Unguwar Rimi U/RIMI. Akawuna sun saba da wannan tun kafin kati, amma kati ya mayar da shi doka, kuma kowace mai huda da irin tata datsewar.

Sannan fom na neman sunan dangi, abin da Bahaushe bai gada ba. Mu sunan mutum da na mahaifinsa muka sani. Makarantun boko na farko suka warware matsalar da liƙa wa yaro sunan garinsu, shi ya ba mu Aminu Kano da Shehu Shagari da Isa Kaita da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Saboda haka mutum guda kan iya zama da sunan gari a takardar firamare, da sunan uba a takardar ɗaukar aiki, in ya sauke farali kuma a ƙara Alhaji a gaba. Mace ta shiga aiki da sunan mahaifinta, ta yi aure ta koma na miji, auren ya mutu takardu su rasa inda za su tsaya. Haruffanmu masu ƙugiya, da suka zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, waɗanda Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa daga 1939, ba su da rami a katin IBM. Ɗanladi ya zama DANLADI, Ƙasimu ya zama KASIMU, muka haƙura.

Ranar haihuwa ta fi duka ban tausayi. Iyayenmu da abin da ya faru suke ƙirga shekaru: shekarar da Sarauniya ta zo aka yi mata hawan daba a Kaduna, 1956 ke nan; shekarar da aka kashe Sardauna, 1966; shekarar canjin hannu, 1972; shekarar da fam ya koma naira, 1973. Mutum ya je kotu neman takardar rantsuwar shekaru, ya faɗi shekara, a tambaye shi wata da rana ya yi shiru, akawun kotu ya rubuta 1 ga Janairu. Duk wanda ya taɓa jera ma'aikatan Arewa bisa ranar haihuwa ya san tsaunin da ke kan wannan rana. To, ka umarci na'ura ta fitar da duk mutum biyu masu suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya a matsayin maimaici. Musa Ibrahim nawa kake jin an haifa ranar 1 ga Janairun 1960 tsakanin Daura da Kafanchan? Za ta karɓi na farko ta tofar da sauran, kuma a ganinta gaskiya ta yi.

Rabon jihohi ma ya kawo nasa. A 1967 Janar Gowon ya raba Arewa gida 6, aka bar hukumar ICSA a Kaduna tana riƙe da abin da ba ya rabuwa da wuri. Wancan ban gan shi ba, labari na ji. Wanda na gani shi ne na 23 ga Satumban 1987, da Janar Babangida ya cire Katsina daga jihar Kaduna. Jeri guda aka tsaga biyu bisa asalin ƙaramar hukuma, kuma duk inda aka tsaga jeri akwai masu faɗawa tsakani: matar da asalinta Funtuwa amma aurenta na Unguwar Sarki, ko wanda aka haifa a Tudun Wada gurbin asalinsa kuma aka bar shi fayau tun ranar ɗaukarsa aiki. Irin waɗannan kowane ɓangare kan ɗauka suna wajen ɗan'uwansa. Ba a gano su sai an ajiye jerin biyu kusa da tsohon an bi layi layi.

Ƙananan kwamfutoci suka shigo ofisoshi wajen ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, da manhajar dBASE da Lotus 1-2-3, daga baya Excel. Mun yi murna, kuma da gaskiyarmu, domin aikin mako ya koma na yini. Amma abu biyu suka tafi tare da kati ba a yi musu bankwana ba. Na farko bugu na biyu. Aka ga ɓarnar albashi ce mutum biyu su buga abu ɗaya, sai aka bar mai bugu guda da idonsa. Na biyu, wanda ya fi haɗari, na'urar ta daina ƙorafi. Ka zuba wa dBASE suna mai tsawo, ta gutsure wutsiyar ta karɓa. Ka sa mata harafi a gurbin kuɗi, ta rubuta sifili ta wuce. Shugabanni suka ga takardar kurakurai ta gajarce suka ce aiki ya gyaru. Mu da muka san ciki muka ga kuskuren bai ragu ba, shigewa ciki ya yi ya zauna.

A wancan lokaci akwai sauran kariya guda, biyan tebur. Kashiya ya zo da akwati da ɗan sanda, kowa ya sa hannu a bauca ya karɓi nasa. An yi sata a wannan tsari, sosai ma, amma wanda aka tsallake yana tsaye a gaban teburin, ana ganin fuskarsa. Da albashi ya koma banki sai fuskar ta ɓace. Garambawul ɗin da Charles Soludo ya yi a Babban Banki ya rage bankuna daga 89 zuwa 25 a ƙarshen 2005, Bankin Arewa da yawancin ma'aikatanmu ke ajiya a cikinsa ya narke cikin Unity Bank. A 2011 aka koma lambar asusu ta bai ɗaya mai alƙaluma 10, wadda alƙalaminta na ƙarshe na gwajin sauran ne. A 2014 aka kawo BVN mai alƙaluma 11. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gyara ne na gaske, kuma kowane ɗaya sabon lodi ne da sabon tarin waɗanda aka tofar. Misali guda ya isa. Lambar asusu da yawa da sifili suke farawa. Excel kuwa, in ba a gargaɗe ta ba, tana ɗaukar lambar a matsayin adadi, ta share sifilin gaba tunda ba ya ƙara komai a lissafi. Alƙaluma 10 su koma 9 ko 8, banki ya ƙi karɓa, kuɗi su koma asusun mai biya, mutum kuma yana gida yana duban waya ko alat zai shigo.

Manyan manhajojin rumbun bayanai na yau ba su manta da aljihu na 13 ba, mutane ne suka daina leƙa shi. Mai lodin Oracle, wato SQL*Loader, fayil uku yake bari bayan ya gama: ɗaya na layukan da suka lalace, ɗaya na waɗanda ba su cika sharaɗin da aka gindaya ba, ɗaya kuma na labarin aikin, mai faɗin layi nawa aka karanta, nawa suka shiga, nawa aka ƙi, da dalilin kowanne. In ba a taɓa shi ba, kurakurai na wuce 50 zai tsaya cak. Na SQL Server haƙurinsa 10 ne, kuma ba ya ware maka layukan a fayil sai ka nema. PostgreSQL shekara da shekaru ba ta san sassauci ba, layi ɗaya ya ɓaci ta watsar da lodin baki ɗaya, sai a fitowarta ta 17 a 2024 ta yarda a tsallake mai laifi a ci gaba. Wannan hali na a watsar da duka ba baƙo ba ne a wurinmu. Haka aka yi da ƙidayar 1962 aka sake ta a 1963, haka Janar Murtala ya yi da ta 1973 da ya hau mulki a 1975.

Waɗanda suka ƙera manhajojin sun sa iyakar ne don na'ura ta tsaya mutum ya zo ya duba. Abin da na ga wasu 'yan kwangila na yi shi ne su ɗaga iyakar zuwa miliyan, lodi ya tafi har ƙarshe ba tangarɗa, allo ya nuna an kammala, a ɗauki hoto, a rubuta takardar neman biya. Fayil ɗin waɗanda aka tofar yana can cikin kwamfutar wani yaro da kwangilarsa ta ƙare ranar Juma'a.

Alhali fayil ɗin nan in ka iya karanta shi, shi da kansa yake gaya maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Ka ga Sa'adatu da Mu'azu da Isma'ila da Rabi'u sun taru a ciki, ka san alamar hamzar da ke tsakiyar sunansu ce ta rikita manhajar da aka rubuta da gaggawa, domin a harshen SQL wannan alama ita ke rufe zance. Ka ga alamar tambaya a inda Ɗ ko Ƙ ya kamata ya zauna, an loda da tsohon tsarin haruffa ne, duk da cewa Unicode ya tanadi haruffanmu tun farkon shekarun 1990. Ka ga sunan titi ya faɗa gurbin ranar haihuwa, waƙafi ne a cikin adireshi ya ture komai gaba. Ka ga duk wanda aka haifa bayan 12 ga wata an ƙi shi, na'urar a kan tsarin Amurka take, mai sa wata kafin rana, kuma ka tabbata waɗanda suka shiga ma an juya musu rana da wata ba su sani ba. Duk waɗannan gyaran zama ɗaya ne a kan tebur, ba sai an taso kowa daga garinsu ba. Abin da ya rage bayan an share su, shi ne ke bukatar a ga mutum ido da ido.

Bayan na yi ritaya an taɓa kirana in taimaka a wani aikin tantance 'yan fansho. Wani dattijo, tsohon malamin firamare, ya zo daga wajen Birnin Gwari da takardunsa a cikin leda, ledar kuma cikin wata leda. Watanni ke nan ba a biya shi ba, kuma amsar da yake samu a ko'ina ɗaya ce, sunanka bai fito ba. Yaron da ke kan kwamfuta ya duba ya ce, "Baba, ba ka cikin na'ura." Dattijon ya ce, "Yaro, ni ban ce ina cikin na'ura ba. Ga ni nan a gabanka." Na ce a buɗe mini fayil ɗin waɗanda aka ƙi. Sai da aka yi waya aka nemo wanda ya san inda yake. Dattijon na ciki, da dalilinsa a gefe: ranar kama aiki ta riga ranar haihuwa. An haife shi a 1948, shekarar kuma da alƙaluma biyu aka ajiye ta tun zamanin kati, 48, sabuwar manhaja ta karanta ta 2048. Duk sa'o'insa da ke jerin haka aka yi musu. Da na gaya masa bai yi fushi ba, sai ya ce, "Ashe ba a ma haife ni ba tukuna."

Ba na musun akwai ma'aikatan bogi. Na ga sunan mamaci yana karɓar ƙarin girma, na ga asusu guda yana haɗiye albashin mutum da yawa. Tsarin biyan albashi na IPPIS da gwamnatin tarayya ta fara a 2007, da tantancewar da gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta yi wa ma'aikatan jihar nan da hoton yatsa a 2015, duk wannan ciwo suka nufa, kuma ciwon na gaske ne. Inda nake da ja shi ne al'adar da ta bazu a ƙasar nan ta ɗaukar duk wanda na'ura ta ƙi a kira shi na bogi, a ninka adadin da albashi, a shelanta cewa an ceto kuɗi kaza. Matar da ke tsintar shinkafa 'yar gida ba ta zubar da abin da ta ware gefen faifai sai ta sake bi, don ta san akwai ƙwaya cikin tsakuwar. Ɓarawo da bawan Allah a fayil ɗaya suke kwana, kuma abin takaici ɓarawon ya fi iya cika fom, domin shi ya san abin da na'ura ke so.

Hukumar zaɓe ta INEC ta yi abin da ya kamata a yaba a Oktoban 2022, da shugabanta na lokacin Mahmood Yakubu ya fito ya faɗi adadi: cikin sabbin rajista sama da miliyan 12.2, an soke sama da miliyan 2.7 bayan na'urar gwada yatsu da fuska ta bi ta kansu, yawanci saboda maimaici ko rashin cancanta. Aƙalla an faɗi nawa aka kawo, nawa suka shiga, nawa aka ƙi. Kada kuma a ɗauka ciwon namu ne mu kaɗai. A Ingila, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoban 2020, sakamakon gwajin korona 15,841 ya salwanta daga lissafin hukumar lafiyarsu, saboda an yi amfani da tsohon nau'in fayil na Excel da ba ya wuce layi 65,536. Abin da ya haura iyakar sai ya zube, ba ƙara ba gargaɗi, aka yi kwanaki ba a nemi waɗanda suka yi cuɗanya da masu cutar ba.

Don haka ina roƙon manyan sakatarori da daraktocin kuɗi da ke sa hannu a takardar kammala irin wannan aiki, a nan Kaduna da sauran jihohinmu: kada ku biya ɗan kwangila sai ya ajiye muku adadi uku da suka daidaita, ya kuma miƙa fayil ɗin waɗanda aka ƙi, kowane layi da dalilinsa. A ba wani jami'i mai suna da tebur alhakinsa, a kafe jerin a bango inda masu shi za su gani, a sa ranar da za a rufe shi. Kai kuma mai karatu, ranar da aka ce maka sunanka bai fito ba, kada ka juya ka tafi da "sai ka dawo". Ka ce a duba maka cikin waɗanda na'ura ta ƙi, a karanta maka dalilin da ta rubuta, kuma ka riƙo takardar ɗaukarka aiki da ta banki da katin ɗan ƙasa, a gwada rubutun sunan da ranar haihuwar harafi da harafi a gabanka.